Lokacin da ya dace a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa, da yadda ake shirya rabuwar

Mafi ƙarancin lokacin da ya kamata ɗan kwikwiyo ya yi tare da uwarsa da 'yan'uwansa shi ne mako 8 cikakku, wato kwana 56 daga ranar haihuwa. A kan wannan adadi likitocin dabbobi suka fi haɗuwa, kuma shi ne abin da dokokin ƙasashe da dama suka tanada. Duk da haka, a garuruwanmu da ƙauyukanmu an fi raba 'yan kwikwiyo tun suna da mako 4 ko 5, domin ma'aunin da aka saba dubawa ɗaya ne: da zarar an ga ɗan kwikwiyo ya sa baki a kwano yana lasar kunu, sai a ce ya isa. Mai karya ya gaji da ɗawainiya da kuka da ƙazanta, mai jira kuma yana tsoron kada wani ya riga shi zaɓar mai kyau a cikinsu, sai gaggawar su biyun ta haɗu a kan dabbar da ba ta shirya ba. Fara cin abinci alama ce ta soma yaye kawai. Ba ta nuna cewa ciki ya yi ƙwari, ko jiki zai iya jure cuta, ko kuma ɗan kwikwiyon ya koyi zama da sauran karnuka.

Abu na farko da ya wajaba a kan mai karya shi ne ya rubuta ranar da ta haihu, ko da a jikin bango ne ko a cikin wayarsa, domin duk lissafin da zai biyo baya, na maganin tsutsa da allurar rigakafi da ranar bayarwa, daga wannan rana ake fara shi. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63, saboda haka wanda ya lura da ranar barbara yana da damar shirya mata wurin haihuwa tun da wuri, a lungu mai tsabta marar danshi, inda iska ba ta bugowa kai tsaye kuma yara ba sa yawan kutsawa.

Abin da makonnin nan takwas suka ƙunsa

Ana haihuwar ɗan kwikwiyo idanunsa a rufe, kunnuwansa a toshe, ba ya iya tsayawa da ƙafafunsa sai jan ciki. A makonni biyun farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya kuma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe masa mara da ƙarƙashin wutsiya. Nonon farko, wato dakashi, shi ne ke ɗauke da mafi yawan kariyar da zai gada daga uwa, kuma hanjinsa yana iya shigar da wannan kariya cikin jini ne a yinin farko kaɗai. Idan yana da lafiya yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi cikin kwana 10 ko kusa da haka. Idanu suna buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunnuwa su biyo baya da 'yan kwanaki. A lokacin hunturu sanyin asuba kaɗai ya isa ya kashe wanda ya rarrafa nesa da uwarsa, domin jikin da ya yi sanyi ba ya iya narkar da nono ko da an ɗura masa.

A mako na 3 haƙora suke fara ɓullowa, ya soma tafiya yana tangaɗi, yana kaɗa wutsiya, yana gwada ɗan haushi. A wannan lokaci ne kuma yake fara barin shimfiɗa ya matsa gefe domin yin fitsari, kuma a kan wannan ɗabi'a ake gina duk wata tsabta da za a koya masa daga baya. Wanda aka rena a cikin kwali ko ƙaramin keji inda babu wurin kaucewa yakan saba da kwanciya a kan ƙazantarsa, ya wahalar da mai shi na tsawon watanni.

Makonnin da aka fi rainawa su ne daga na 5 zuwa na 8, alhali a nan ne mafi yawan karatun yake. Wanda ya zauna ya kalle su zai ga kokawa ce kawai suke yi daga safe zuwa yamma: wannan ya danne wancan, wancan ya ciji kunnen wannan, wani ya ƙwace tsumma ya gudu a bi shi. Idan ɗaya ya yi cizo mai zafi, wanda aka ciza yakan yi ƙara ya janye daga wasan, ko ya rama. Da maimaituwar haka sau ba adadi ɗan kwikwiyo yake gane iyakar ƙarfin da zai sa a bakinsa, yake kuma koyon karanta yanayin wani kare, ya san wanda ke gayyatarsa wasa da wanda ke gargaɗinsa. Haƙoran wannan lokaci masu tsini ne ƙwarai amma muƙamuƙin ba shi da ƙarfi, don haka darasin yana da zafi ba tare da ya bar rauni ba. Karen da ya rasa wannan horo zai fara gwada ƙarfin bakinsa ne a kan hannun yaran gidan da ya koma.

Uwar ma tana nata aikin. Daga mako na 4 ko na 5 za a ga tana miƙewa idan sun rufar mata, ta ba su nono a tsaye na ɗan lokaci ta yi gaba, ko ta hau wuri mai tudu inda ba za su kai gare ta ba. Wani lokaci ta yi gurnani, wani lokaci ta kama bakin ɗanta da nata bakin a hankali har sai ya nutsu. Jama'a da yawa suna ganin haka sai su ce ta ƙi su, lokacin rabuwa ya yi. A ganina wannan ita ce fassara mafi kuskure a duk sha'anin, domin a daidai lokacin nan ne take koya musu karɓar hani da haƙuri da shi, kuma ba za su sami mai koya musu shi da irin ma'auninta ba. Akwai kuma karyar da kan ci abinci ta dawo ta amayar da shi a gaban 'ya'yanta su cinye. Ba ciwo ba ne, tsohuwar hanyar yaye ce da karnuka suka gada daga danginsu na daji, kuma bai kamata a kore ta ko a share aman ba.

Abin da bincike ya nuna

Mafi shaharar aiki a kan wannan batu shi ne wanda John Paul Scott da John Fuller suka yi a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, inda suka shafe shekara 13 suna nazarin jinsin karnuka biyar, ciki har da Basenji mai asali daga tsakiyar Afirka, suka kuma wallafa sakamakonsu a 1965. Su ne suka tabbatar da cewa akwai wani taƙaitaccen lokaci, daga mako na 3 zuwa kusan na 12, da ɗan kwikwiyo yake karɓar duk abin da ya saba da shi a matsayin abin amincewa. Su kansu sun karkata ga rabawa tsakanin mako 6 zuwa 8, kuma daga aikinsu ne ra'ayin nan na kwana 49 ya yaɗu tsakanin masu horar da karnukan farauta a Amurka. Binciken da ya biyo baya ya matsar da iyakar gaba. A Afirka ta Kudu, wani nazari da aka wallafa a 1993 a kan jinsin Jaman Shefad ya kwatanta waɗanda aka raba da uwa a mako 6 da waɗanda aka bari har mako 12, ya ga cewa na farkon sun fi ramewa da kamuwa da cuta da mutuwa, kuma ba su fi sauran shaƙuwa da mutane ba, wanda shi ne hujjar da masu ɗauka da wuri suke kafawa. A Italiya kuma, a 2011, an duba manyan karnuka 140, rabinsu an raba su da uwa tsakanin kwana 30 zuwa 40, rabi kuma a kwana 60. Waɗanda aka raba da wuri sun fi yawan haushi marar dalili da ɓarnar kaya da firgita da ƙara da tsoro a kan hanya da kuma rowar abinci, wato gurnani ga duk wanda ya kusanci kwanonsu.

Dokoki sun bi wannan sahu. A Ingila an hana masu lasisin kiwo da sayarwa sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, sannan daga watan Afrilun 2020 an hana dillalai da shaguna sayar da wanda bai kai wata 6 ba, sai dai mutum ya je wurin wanda ya rena shi ko gidan kula da dabbobi. Faransa da Jamus ma mako 8 suka sa, haka jihohi da dama na Amurka.

Wannan yana da muhimmanci na musamman ga wanda yake neman kare domin gadi, wanda shi ne dalilin mafi yawan masu kiwo a birane. Ana yawan ɗaukar kare mai tsoro a matsayin mai zafi, saboda yana yi wa kowa da komai haushi. Amma karen da ke cizo saboda firgita ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo karɓar abinci ko baƙuwar da ta zo barka, kuma haushinsa na kowane dare yakan sa mutanen gida su daina tashi idan ya yi. Haka ma mafarauci: karen da bai koyi zama da 'yan'uwansa ba yakan tayar da faɗa a cikin garke maimakon bin sawu.

Kada kuma a wuce gona da iri

Tsawaita zama da uwa ba alheri ba ne a kowane hali. A wani gwaji da aka wallafa a 1961 daga waccan cibiya ta Bar Harbor, an bar 'yan kwikwiyo da iyayensu a babban fili ba tare da hulɗa da mutane ba, ana fito da wasu a makonni daban-daban. Waɗanda ba a taɓa su ba sai da suka kai mako 14 sun kasance masu gudun mutum, kuma horon da aka yi musu daga baya bai gyara su sosai ba. Saboda haka tambayar da za a yi bayan mako na 8 ita ce: a wane gida ne zai fi ganin duniya? Idan karyar tana cikin gida mai jama'a, inda 'ya'yanta ke jin muryar maza da mata da yara, suna ganin kaji da awaki, suna jin ƙarar babur da janareta, to babu laifi su kai mako 10 ko ma 12. Idan kuwa an kulle su ne a bayan gida ko a kango ba mai zuwa sai mai kai abinci, gara a ɗauke su da cikar mako 8.

Ƙananan jinsi masu ɗan jiki, irin su Lasa da ake yawan sayarwa a Abuja da Legas, sun fi buƙatar a bar su zuwa mako 10 ko 12, domin sukarin jininsu yana saurin faɗuwa idan suka ƙi cin abinci na 'yan awoyi, kuma ƙin abinci abu ne da aka saba gani a ranar farko a sabon gida. Manyan jinsi irin su Rotwaila da Jaman Shefad, da karnukanmu na gida, mako 8 zuwa 9 ya wadatar musu. Wanda za a saba masa da garken tumaki ko shanu yana da amfani ya fara jin warinsu da ganinsu tun yana wajen uwarsa.

Yadda ake yaye

A al'adarmu akan yaye yaro a rana ɗaya, a kai shi wurin kakarsa ya kwana biyu har ya manta da nono. Ɗan kwikwiyo ba a yi masa haka, yayensa yana ɗaukar kusan wata guda. Ana farawa tsakanin mako na 3 da na 4 da abinci mai ruwa-ruwa a faranti marar zurfi. Wanda yake da halin sayen abincin 'yan kwikwiyo na buhu sai ya jiƙa shi da ruwan ɗumi ya dama har ya yi kamar kunu. Wanda zai haɗa a gida sai ya dafa shinkafa ko garin masara su yi laushi sosai, ya haɗa da dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya ko niƙaƙƙen nama, ba gishiri, ba yaji, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun na ƙarshe suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Koko ko kunun zalla ba ya gina jiki, yana cika ciki ne kawai, kuma shi ne dalilin da ya sa ake yawan ganin 'yan kwikwiyo masu ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Abincin gida na hatsi da nama yana da ƙarancin sinadarin gina ƙashi, don haka yana da kyau a nemi likitan dabbobi ya faɗi abin da za a ƙara da kuma yawansa, musamman ga manyan jinsi.

Madarar shanu, ta ruwa ko ta gari, ba ta maye gurbin nonon karya. Nonon karya ya fi ta maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, sukarin madara kuma ya fi yawa a ta shanu, shi ya sa take yawan jawo gudawa.

A kwanakin farko za su fi taka abincin da ƙafa fiye da ci, wannan ba komai ba ne. A fitar da uwar na ɗan lokaci kafin a ajiye farantin domin su zo da yunwa, idan sun gama a bar ta ta shigo ta lashe su ta cinye ragowar. Kowane mako a rage ruwan a ƙara kauri, a riƙa ba su sau huɗu a rana, ruwan sha mai tsabta kuma yana ajiye kullum a kwanon da ba za su faɗa ciki ba. Zuwa mako na 7 ko na 8 yawancinsu sun dogara da abinci gaba ɗaya, sai ɗan tsotson da suke yi don samun nutsuwa.

Ita uwar, buƙatarta ta abinci tana kaiwa ƙololuwa a mako na 3 da na 4, lokacin da take iya cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Daga mako na 5 a riƙa rage mata sannu a hankali domin nonon ya ragu. A riƙa duba hantsarta: idan wani sashe ya yi tauri da zafi da ja, ko tana ƙin a taɓa, sai a kira likita. Wannan kumburi yana yawan samun karyar da aka kwashe wa 'ya'ya gaba ɗaya a rana ɗaya tana tsakiyar shayarwa, shi ya sa ko bayan mako 8 ya fi kyau a bayar da su ɗaya ko biyu a rana, a cikin kwanaki da dama.

Magani da rigakafi kafin rabuwa

Kusan kowane ɗan kwikwiyo yana zuwa da tsutsar ciki, domin wata tana shiga jikinsa tun yana mahaifa, wata kuma ta hanyar nono. Ana fara ba da maganin tsutsa a mako na 2, a maimaita duk bayan mako biyu har zuwa na 8 aƙalla, tare da uwar, sannan a ci gaba wata-wata har wata 6. Gwargwadon nauyi ake bayarwa, don haka sai an auna. Maganin kaska da ƙuma da ake wanke shanu ko manyan karnuka da shi yana iya kashe ɗan kwikwiyo, kuma kada a shafa masa kananzir ko baƙin mai. A cire kaskar da hannu, a tsabtace wurin kwana, a tambayi likita abin da ya dace da shekarunsa.

Allurar rigakafi ta farko tana faɗowa tsakanin mako na 6 da na 8, wato tun yana gidan haihuwarsa, kuma wannan ma wani dalili ne na jira. Tana kare shi daga wasu manyan cututtukan karnuka masu yaɗuwa, wato farbo da distemfa da ciwon hanta. Ana maimaita ta duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16, saboda kariyar da ya sha a dakashi tana hana allurar kamawa muddin tana da ƙarfi, kuma lokacin da take gushewa ya bambanta daga wannan ɗan kwikwiyo zuwa wancan. Tsakanin gushewarta da kamawar allura akwai 'yan makonnin da jiki yake a buɗe, kuma a nan ne farbo take yin ɓarna. Alamominta amai da gudawa mai jini da wari da mutuwar jiki, tana kisa cikin kwanaki kaɗan, ƙwayarta kuma tana iya yin watanni masu yawa a cikin ƙasa. Gidan da wani ɗan kwikwiyo ya mutu da irin wannan ciwo, kada a kawo sabo sai ya kammala alluransa, kuma a wanke siminti da kwanuka da ruwan bilic.

Allurar ciwon haukan kare ana yin ta ne daga mako na 12, saboda haka nauyinta yana kan sabon mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana haɗa wannan allura, ana kuma samun yin ta a asibitocin dabbobi na jihohi da na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Duk allurar da za a yi, a tabbatar an ajiye ta a sanyi, domin wadda ta kwana a zafi saboda ɗaukewar wuta ba ta da sauran amfani.

Yadda mai saye zai gane shekarun gaskiya

Masu sayarwa a bakin titi da waɗanda ke tallata hotuna a Facebook da WhatsApp sun san cewa ƙarami ya fi shiga rai, kuma kowane mako na ƙarin ciyarwa ragi ne a ribarsu, don haka ƙara wa ɗan kwikwiyo shekaru a baki abu ne da ya zama ruwan dare. Hanya mafi inganci ita ce mutum ya je gidan da kansa ya ga uwar tare da 'ya'yanta, ya nemi katin rigakafi mai kwanan wata da sunan asibiti, ya kuma nemi a nuna masa hotunan ranar haihuwa a waya, domin suna ɗauke da kwanan wata. Wanda ya ƙi a ga uwar, ya ce a haɗu a tasha ko gidan mai, a bar masa kayansa.

Baki ma yana ba da shaida. A ɗaga leɓe a hankali a duba. Fiƙoƙi da haƙoran gaba suna fitowa daga mako na 3 zuwa na 6, na gefe su biyo, har su cika 28 zuwa mako na 8. Idan dasashin gefe fayau yake, ko haƙoran gaba sun ɗan leƙo ne kawai, to galibi bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba, ko me aka faɗa. Idan kuwa ya fara famfara, ya kai wata 3 zuwa 4. Haƙora suna tona ƙaryar mai wata ɗaya, amma ba sa rabe mai mako 6 da mai mako 8 sosai, saboda haka a haɗa da kallon tafiyarsa. Mai mako 8 yana gudu ya juya ba tare da faɗuwa ba, yana tauna abinci mai kauri, yana zuwa wurin baƙo da sha'awa. A duba dasashi ya zama ja-ja mai haske ba fari ba, ido da hanci babu kwantsa ko majina, ƙarƙashin wutsiya kuma babu alamar gudawa.

Ranar tafiya da makon farko

Kwana biyu ko uku kafin ranar, a sa wani tsohon zane ko buhu a shimfiɗarsu ya ɗauki warin uwar da 'yan'uwansa, a ba sabon mai shi ya tafi da shi. A haɗa masa da abincin da ya saba na kwanaki, domin sauya gida da sauya abinci a lokaci ɗaya yana kawo gudawa. Idan za a canza abincin, a yi shi cikin mako guda ana gauraya tsoho da sabo. A yi tafiyar da safe ko da yamma, ba da tsakar ranar bazara ba, kuma ba a cikin but ɗin mota ko buhu a ɗaure a bayan babur ba. Kwando ko kwali mai ramukan iska ya isa, kuma kada a cika masa ciki dab da tashi.

Zai yi kuka a dare biyu ko uku na farko, domin bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Duka ko tsawa ba sa rage kukan, sai dai su koya masa tsoron hannun mutum, kuma makonnin nan daga na 8 zuwa na 10 lokaci ne da firgici yake saurin zama masa a rai. Gidajen da ba sa shigar da kare ɗaki suna iya ajiye shi a zaure ko baranda ko rumfa kusa da inda zai riƙa jin motsin mutane, da zanen nan a ƙarƙashinsa, maimakon can ƙarshen gida. Ba a sa wa mai mako 8 sarƙa. A ci gaba da ciyarwa sau huɗu a rana har mako 12, sannan sau uku har wata 6, kuma bayan kowane ci da kowane barci a kai shi wuri ɗaya da aka keɓe domin ba haya. Kafin ya kammala allurai kada a bar shi ya yi yawo a layi ko bola, amma a riƙa kawo masa duniya cikin gida, wato baƙi da yara masu hankali da lafiyayyen kare mai rigakafi. A hana yara ɗaukarsa ta ƙafar gaba ko ta wuya. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, haka ake ɗaukarsa.

Idan uwar ta mutu ko ta kasa shayarwa

A nan ba zaɓi, amma rashin uwa ba ya nufin a rarraba su. A bar 'yan'uwan tare har mako 8 kamar yadda aka tsara, domin rabin karatun daga junansu suke samu. Idan akwai wata karya mai shayarwa da 'ya'yanta suka yi kusan sa'anni da su, a goga marayun a shimfiɗarta a gwada haɗa su ana tsaye a kansu. Idan babu, sai madarar 'yan kwikwiyo ta gwangwani da ake samu a shagunan magungunan dabbobi, a ɗumama ta daidai ɗumin jiki, a ba su duk bayan awa 2 zuwa 3 dare da rana a makon farko, a riƙa ƙara tazara suna girma. Nonon akuya da aka tafasa aka haɗa da gwaiduwar ƙwai yana iya riƙe su na kwana ɗaya ko biyu kafin a samo wadda ta dace. A shayar da shi yana kwance rub da ciki, ba a rigingine ba, domin kada madarar ta bi hanyar numfashi. Bayan kowane sha a goga masa mara da ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi har ya yi fitsari da kashi, a ci gaba da haka har mako na 3. Wanda aka taras jikinsa ya yi sanyi, a fara ɗumama shi sannu a hankali da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma kafin a ba shi komai. Marayun da ba su sami dakashi ba sun fi kowa fuskantar haɗarin cuta, don haka a sanar da likita halin da suke ciki tun a makon farko, domin yana iya fara musu allurai kafin lokacin da aka saba.